Ƙasar Gindin Kurna

Malam Ɗayyabu tela yana cikin yanka wata shadda a shagonsa da ke bakin kasuwar Roni, sai wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Shi kuwa tun asali ba ya son baƙuwar lamba, don sau biyu ta haka aka faɗa masa mutuwa. Ya ajiye almakashi, ya goge hannu a gaban riga, ya ɗauka.

"Salamu alaikum. Baban Dakta Shahida ne?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Baba, sunana Zaharadeen, ni ne direban motar da jami'a ta ba ta. Muna Tudun Daudu, ta hanyar Gwiwa. Don Allah ka zo yanzu, kar ka tsaya yin komai."

"Hatsari kuka yi?"

"Ba hatsari ba ne. Mutanen gari ne suka taso mana. Wai ta ɗebi ƙasar kabari."

Ta cikin wayar Malam Ɗayyabu yana jin hayaniyar maza, ya kuma ji wani abu ya daki kwano da ƙarfi. Daga nan layin ya yanke.

Ya tsaya riƙe da wayar. Shahida ita ce 'yarsa ta fari, malama ce a jami'a, ilimin ƙasar noma take koyarwa. Wata uku da suka wuce aka karanta sunanta a rediyo cikin jerin malaman jami'arsu da suka samu ci gaba a wannan shekarar. Akwai wani da ƙungiyar likitocin ido ta ba lambar yabo, akwai wani mai nazarin tsofaffin takardun ajami, akwai wata mai binciken ruwan rijiya, sai ita da ta ci tallafin bincike don ta gano abin da ya sa gero ke ja da baya a gonakin Roni da Gwiwa da Babura, ciyawar wuta-wuta kuma tana ƙara yawa. Ranar, shagonsa bai yanke da masu zuwa barka ba har magariba. Ya yi ta amsawa yana murmushi, amma hankalinsa bai kwanta ba. A ganinsa duk wanda aka ambaci sunansa a rediyo, idanu sun yi masa yawa. Da ta zo gida ta nuna masa takardun izini daga hakimai da dagatai, kowace da hatiminta, ta ce, "Baba, ƙasa kawai zan riƙa ɗiba a leda, ba faɗa zan je ba." Ya ce mata to, Allah ya tsare. Bai san abin da zai ƙara ba, don karatunsa bai wuce firamare ba.

Bai rufe shagon ba ma. Bai kuma biya ta gida ba, saboda Ma'u uwar Shahida tana da hawan jini, wannan magana za ta iya kwantar da ita. Ya tare ɗan acaɓa na farko da ya gani, ya ce Tudun Daudu, ya hau.

Bazara ce, rana ta take tsaka, iskar da ke bugun fuskarsa kamar daga bakin murhu take fitowa. Suka bar kwalta suka shiga burji, suna kewaya duwatsu, gonaki a share fes ana jiran ruwan farko. Malam Ɗayyabu yana ta jan hasbunallahu, amma zuciyarsa ta ƙi tsayawa a kan addu'ar. Ya san abin da ake nufi da ƙasar kabari a wajen mutanensa. Ba mai ɗibarta sai wanda ke son ya kwantar da wani, ko ya haukata shi, ko ya raba shi da garinsu. Ya kuma san yadda taro yake idan irin wannan magana ta shiga cikinsa. Yana saurayi ya taɓa gani a wata kasuwa, an ce wani baƙo ya yi wa wani asiri. Bai ga farkon abin ba, ƙarshensa ya gani, kuma har yau ba ya son tunawa.

"Ɗan nan, ƙara wuta," in ji shi.

"Baba, yashi ne. In na ƙara, ni da kai duk sai an kwashe mu."

Tun daga nesa ya hango motar, fara ce mai buɗaɗɗen baya, an fasa gilashinta na gaba. Bayanta kuwa taro ne a ƙofar gidan mai unguwa, maza sun fi sittin, wasu da sanduna, wasu da fartanya a kafaɗa kamar daga gona suka taho. Mata suna leƙe ta saman danga. Ɗan acaɓan ya sauke shi can nesa, ya juya babu ko sallama.

A bakin zaure wani dattijo ne tsaye ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa, gumi ya jiƙa masa rawani. Shi ne mai unguwa Muhammadu Lawal. Kusa da shi limamin garin ne, muryarsa har ta dushe don magana.

Malam Ɗayyabu ya kutsa yana cewa, "Ku yi haƙuri, ku ba ni hanya, don girman Allah."

"Kai kuma wane ne?" wani ya tambaya, ya riƙe masa hannun riga.

Da ya ce shi baƙo ne mai wucewa, ba wanda zai musa. Ya ce, "Ni ne ubanta."

Maganar ta bi cikin taron. Wani daga baya ya ɗaga murya: "To ga wanda ya koya mata ya iso!" Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Mai unguwa ya miƙo hannu ya fizgo shi cikin zaure, aka tura ƙyauren kwano aka tokare da turmi.

Shahida tana zaune a ƙasa a kusurwa, mayafinta duk ƙura, ga jini ya bushe a gefen goshinta. Direban yana tsugune kusa da ƙofa. Da ta ga mahaifinta sai ta yunƙura za ta durƙusa, ya ce ta zauna.

"Me kika yi?"

"Baba, wallahi ban sani ba." Ta yi bayani a jere kamar yadda ta saba. "Gonar wani ce mai suna Maikasuwa. Jiya da bakinsa ya ba ni izini a gaban mai unguwa. Ƙa'idar aikin ita ce, in na ɗebi ƙasar gona, sai na nemi wuri kusa da ita wanda ba a taɓa nomawa ba, in ɗebi tasa, don a gwada a ga abin da noma ya cinye. Kwana ashirin ina fama, duk inda na je an nome ko'ina. Yau sai na ga wani fili a gefen gonarsa, gindin wata kurna, ciyawa da sabara sun rufe shi, fartanya ba ta taɓa shiga ba. Har murna na yi. Na huda da ƙarfen da nake ɗibar ƙasa da shi na ɗiba, na rubuta sunansa a takarda na manna, kamar yadda nake yi wa kowace leda. Ina durƙushe sai ga shi a kaina."

Malam Ɗayyabu ya dafe kai. "A ƙasar da kowa ke kukan gona ta yi masa kaɗan, kika ga fili a zaune ba mai taɓa shi, ba ki tambayi kanki dalili ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Babu katanga, Baba. Babu tudu ko ɗaya, babu alama."

"Tsohuwar maƙabarta ce," in ji mai unguwa. "Tun kafin gari ya taso nan. Ruwa ya baje kaburburan. Ba mu kewaye ta ba don ba wanda bai san ta ba, ko akuya ba a ɗaurewa a wurin. Ni ma laifina ne, ban kawo a raina cewa akwai mai buƙatar a faɗa masa ba. Kuma daidai inda ta huda, nan uban Maikasuwa yake kwance."

Dutse ya faɗo a kan rufin, su duka suka zabura.

Mai unguwa ya rage murya. "Malam, na kira hukuma, suna hanya, amma ka ga nisan wurin. Yau kuma kasuwar Gwiwa take ci. Da la'asar samarinmu za su fara dawowa, su ba su ga komai ba, labari kawai za su tarar, kuma labarin ya riga ya yi ƙiba. Yanzu cewa ake Turawa ne suka ba ta kwangilar ƙasar kaburbura. Wannan ƙyauren ka gan shi. Ni da liman mun yi iya yinmu. In Maikasuwa bai sauko ba, ba mai sauka."

"Ranka ya daɗe, a buɗe mini in fita."

"Baba, kar ka fita," in ji Shahida, ta riƙe gefen rigarsa. "Bari in yi musu bayani da kaina."

"Bayaninki ne ya kawo mu nan. Ina abin da kike rubutu da shi?"

Ta miƙa masa wani alƙalami mai kaurin baki. Shi kansa bai san abin da zai yi da shi ba tukuna. Ya dai sa a aljihu, don ya ji an ce rubutu ne tushen maganar.

Da ya fito, rana ta ɗan karkata, taron kuma ya ƙaru. A gaba wani dogon mutum ne siriri, idanunsa sun yi ja, yana riƙe da farar leda cike da jar ƙasa. Ba ya ihu kamar sauran. Wannan shirun nasa ya fi ba Malam Ɗayyabu tsoro.

Ya durƙusa a gabansa, duk da cewa sa'annin juna ne. "Malam Maikasuwa, an yi maka laifi babba. Ban zo musu ba."

Maikasuwa ya miƙo ledar daidai fuskarsa. "Kai da 'yarka ta yi boko, karanta mini. Me aka rubuta a nan?"

"Sunanka ne."

"Sunana ne. A kan me?"

"A kan ƙasar kabarin mahaifinka. Allah ya jiƙansa."

"Wata bakwai matata tana kwance, an je Kazaure an je Kano, ba a ga komai ba. Bara shanuna biyu suka faɗi rana ɗaya. Ina ta tambayar kaina wane ne yake bi na. Yau na zo da ƙafata na tarar da mace durƙushe a kan ubana tana rubuta sunana. Kai in kai ne, me za ka ce?"

"Abin da ka ce shi zan ce," in ji Malam Ɗayyabu, kuma gaskiyarsa ya faɗa. "Amma na rantse da wanda raina ke hannunsa, rashin sani ne. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take makarantar kwana. Ta san ƙasa a littafi, ba ta san ta a gari ba."

"Rashin sani?" wani mai fartanya ya ce. "Ba ita ce aka faɗa a rediyo ba? Dakta guda!"

"Daktar tono!" in ji wani.

Liman ya ɗaga hannu. "Jama'a, na faɗa na ƙara, ba abin da ke cutar da bawa sai da izinin Allah. A mai da ƙasar inda aka ɗebo ta, a yi wa mamatan addu'a, magana ta ƙare."

"Allah gafarta malam, ba ta ƙare ba," in ji Maikasuwa, bai ko dube shi ba. "An riga an haɗa sunana da ita. Ko an mai da, an haɗa."

Can bakin hanya aka ji ƙarar babura. Biyu ne, kowane da mutum uku, 'yan kasuwa sun fara dawowa. Suka sauka suna tambaya, aka yi ta nuna musu zauren. Malam Ɗayyabu ya ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya ɗauki dutse.

A nan ne dabara ta faɗo masa, dabarar da shi kansa ta ba shi tsoro. Shi ba liman ba ne. Yana sallah, yana azumi, amma ko aski aka yi masa ba ya barin gashinsa a ƙasa, kuma bai taɓa yarda wani ya ɗebi ƙasar sawunsa ba. Abin da Maikasuwa ke tsoro, shi ma yana tsoronsa ƙwarai.

"Ba ni ledar," ya ce.

Maikasuwa ya sakar masa. Malam Ɗayyabu ya ɓare takardar da ke manne, a hankali don kar ta yage, ya miƙa masa. "Ga sunanka, ya fita. Ka ƙona ko ka wanke, yadda ka so." Ya ciro alƙalamin, ya ɗora ledar a gwiwarsa. Ya rubuta a jikin ledar da manyan baƙaƙe, yana faɗa da ƙarfi don na baya su ji.

"Ɗayyabu."

Ya tsaya. Kowa a wurin ya san cewa mai mugun aiki ba ya wadatuwa da sunan mutum kaɗai, sai ya haɗa da na uwarsa. Shi kuwa tun da ya yi wayo bai taɓa furta sunan mahaifiyarsa ba, Inna yake cewa har ta rasu.

"Ɗan Halimatussa'adiyya."

Wata tsohuwa daga bayan danga ta ce, "Innalillahi."

Ya ɗaga rigarsa ya cusa ledar a ciki, ta manne da ƙirjinsa. Ƙasar tana da ɗumi. "In akwai wani abu a cikinta, to ga ni, ni da uwata. In 'yata ta zo da sharri ne, ya fara ta kaina. Yanzu ka wuce gaba ka nuna mini wurin, in mai da ita da hannuna."

Maikasuwa ya dube shi. Sannan ya ninke takardar sunansa ya sa a aljihu, ya juya ya kama hanyar gona. Liman ya bi shi, Malam Ɗayyabu ya bi liman. Taron ya yi ɗan tsaye, sai aka fara bin su ɗaya bayan ɗaya, don ba wanda yake so a ba shi labari. Da ya waiga sau ɗaya, ya ga ƙofar zauren saura mutum huɗu ko biyar, mai unguwa yana yi wa direban alama da hannu. Bai sake waigawa ba, kar wani ya bi idonsa.

Tafiyar ba ta kai ta minti goma ba, amma ji ya yi kamar ba za ta ƙare ba. Kowane taku ledar tana gogar fatarsa. Ƙirjinsa ya yi nauyi, numfashinsa ya riƙa sarƙewa, ya rasa ko zafin rana ne ko kuwa abin ne ya fara.

Gindin kurnar akwai sanyi. Ramin ɗan ƙarami ne, bai fi faɗin bakin kofi ba. Ya cire takalmi, ya yi wa mazauna wurin sallama, ya durƙusa ya kwance ledar ya zuba ƙasar a hankali har ta ƙare, ya shafe da tafin hannu. Liman ya ja addu'a mai tsawo. Aka shafa. Wasu suka fara zamewa, sandunansu a ƙasa.

Malam Ɗayyabu yana shirin ninke ledar, sai Maikasuwa ya miƙo hannu.

"Wannan a wurina za ta zauna."

Akwai sauran burbushin ƙasa a cikinta, ga sunayen nan biyu baƙi ƙirin a jiki. Liman ya ce, "Haba Maikasuwa, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, malam. Ba abin da zan yi da ita. Amma in wani abu ya ƙara samun gidana, na san inda zan nufa."

Malam Ɗayyabu ya kasa kunne. Can nesa ya ji tashin mota, ƙarar tana raguwa ta hanyar Roni. Ya miƙa masa ledar da hannu biyu.

Wani mai babur daga cikin mutanen mai unguwa ne ya kai shi bakin kwalta, inda motar ta tsaya jiransa a inuwar wata tsamiya. Bayan motar wayam. Kafin a shigar da su zaure mutane sun kwashe ledojin duka, kowa ya ɗauki mai sunansa, sauran aka farfasa. Aikin kwana ashirin ya tafi.

Ya shiga ya zauna kusa da ita. Direban ya ja a hankali saboda gilashin. Da suka yi nisa, Shahida ta ce, "Mai unguwa ya faɗa mini abin da ka yi. Baba, ka yafe mini." Ta share ido da gefen mayafi. "Amma ka kwantar da hankalinka. Leda ce kawai da tawada. Ba abin da za ta yi maka."

"Na sani," ya ce. Hannunsa yana kan ƙirjinsa, daidai inda ledar ta zauna, yana lalubar ko akwai inda ke ciwo. "In mun isa, ki ce wa uwarki ƙofar mota ce ta buge ki."

"To, Baba."

"Aikin kuma shi ke nan, ko? Kin bari."

Ya juyo ya dube ta.

"Ba zai baru ba, Baba. Amana aka ba ni, kuma dole a ɗebi ƙasar kafin ruwa ya sauka. Ranar Litinin zan fara yankin Babura."

Ya rufe ido. Ya ga garuruwan da ke can wajen iyaka, waɗanda bai san kowa a cikinsu ba, kowane da nasa filin da ba a nomawa, da nasa abin da kowa ya sani ba a faɗa.

"Ƙarfe nawa za ku tashi?"

"Bayan asuba."

"Ku biyo ta shago ku ɗauke ni. Ba inda za ki sa ƙarfen nan sai na tambaya tukuna."

"Ɗinkin mutane fa, Baba?"

"Su jira."

Motar ta shiga Roni ana kiran magariba. Ya ce a sauke shi a masallaci. Da ya zo alwala, sai ya ga jar ƙasar nan ta maƙale a ƙarƙashin faratansa. Ya wanke, ya sake wankewa, har aka tayar da sallah yana tsugune yana ƙanƙara da tsinke.